Inda Ruwan Fadamarmu Ke Zuwa

Mu mutanen Maska ba mutanen ruwa ba ne. Masara muka sani, da dawa da auduga da waken suya. Ruwan da muka saba da shi shi ne wanda muke ɗaga kai muna jira a watan Mayu, da wanda ake ja da guga, sai kuma ƙoramar da ta bi ta gindin fadamar Baba, wadda kan cika ta tumbatsa a watan Agusta, kafin Janairu ta koma yashi da 'yan kududdufai. Mu uku ne maza a gidanmu, Yaya Babba da Ɗan Kaduna da Auta, kuma babu wanda ya iya iyo a cikinmu. Ruwa mafi girma da muka taɓa tsayawa a bakinsa muna yara shi ne dam ɗin Mairuwa, shi ma Baba na riƙe da wuyan rigar Auta har muka bar wurin.

Duk da haka, Baba ya rayu da wani buri da ya shafi ruwa. Tun yana elementare wani malaminsu ya gaya musu cewa kogin Sakkwato a nan ƙasar Funtuwa ya tsiro, ya bi ta Gusau, ya haɗu da Rima a Sakkwato, ya juya kudu ta Argungu da Birnin Kebbi har ya faɗa Kwara. Maganar ba ta taɓa fita daga ransa ba. Duk shekara idan ƙoramar ta kawo, sai ya tsaya a gaɓa da fartanya a kafaɗa ya ce, "Wannan ruwan da kuke gani Kwara za shi. In Allah Ya kai mu kaka zan je in ga inda yake zuwa, in shiga jirgi in yi kwana biyu a kansa."

Kaka takan zo. Sai a ce ga auren wance, ga rufin ɗaki ya yi yoyo, ga bashin takin bara. Haka ya yi ta ɗagawa har shekara talatin da wani abu. Bai kuma taɓa faɗin wannan buri a majalisa ba, mu kaɗai yake gaya wa, don ya san garinmu. A wajenmu tafiya sai da dalili: aikin hajji, cin rani, fatauci, biki, gaisuwar mutuwa, neman magani. Magidancin da ya ɗauki kuɗin masararsa ya tafi don kawai ya ga ruwa, sunan abin da ya yi gantali.

Baba ya rasu a watan Satumba, masara na tsaye a gona.

Rabon gado bai ba mu wahala ba da farko. Malamai sun zo, an fitar da tumunin Inna, an lissafa namu da na 'yan'uwanmu mata biyu kamar yadda shari'a ta ce. Gonakin tudu an auna an kafa duwatsu. A kan fadama muka maƙale. Ƙarama ce, in an yanka ta gunduwa-gunduwa babu wanda nasa zai ishe shi ko lambun yaji. Ga wani mai kuɗi daga Funtuwa ya yi tayi mai tsoka. Ɗan Kaduna ya ce a sayar a raba kuɗin. Yaya Babba ya ce ba da ransa ba. Auta ya ce a haƙa rijiyar burtsatse a sa injin ban-ruwa a yi tumatir, amma ba shi da ko kuɗin tiyo. Sau biyar muka zauna a zauren gida, sau biyar zaman na ƙarewa iri ɗaya: murya ta ɗaga, wani ya miƙe, ya taka mashin ɗinsa ya tafi. Har ta kai gaisuwa sai ta bakin yara.

Ranar da Inna ta fita takaba, cikin watan Janairu, ta aika aka kira mu. Ta ajiye ƙullin kuɗi a kan tabarma ta ce, "Wannan ba gado ba ne, kada kowa ya yi mini lissafi. Ragunana biyu na sayar da ɗan maraƙina. Ubanku ya tafi bai ga ruwan nan ba. Ku je ku gano masa. Ku uku, mota ɗaya, jirgi ɗaya. Kada wanda ya dawo mini shi kaɗai." Babu wanda ya so tafiyar. Babu kuma wanda ya iya kallon idonta ya ce a'a.

Muka zaɓi hanyar da ta fi bin kogin, muka kuma yi tafiyar rana kawai saboda halin da hanyoyi suke ciki. Tsafe, Gusau, Talata Mafara, inda aka tare kogin da dam ɗin Bakolori tun 1978, sannan Sakkwato, muka kwana. Washegari Argungu, Birnin Kebbi, Jega, Koko. Duk gadar da muka hau, sai mu leƙa ta taga mu ga kogin ya ƙara faɗi, kowa kuma ya mayar da kansa kan wayarsa. Kwana biyu a kujera ɗaya, maganar da ta haɗa mu ba ta wuce "miƙo ruwa" ba.

Da la'asar muka isa Yelwan Yawuri. Mai mashin ya sauke mu a bakin ruwa, inda jirage ke tsayawa, wurin da suke kira kwata. Muka tsaya da jakunkunanmu kamar waɗanda aka dasa. An ce gani ya kori ji. Ruwa ne shimfiɗe, da tsibirai a tsakiya, da jiragen katako dogaye a jere sun kafa hanci a gaɓa. Ana sauke buhunan albasa da shinkafa, ana loda mashina da awaki, ƙaurin bandar kifi ya gauraya da warin fetur. Yaya Babba ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ba mu san dalili ba, ba mu kuma tambaye shi ba.

A masauki da dare Auta ya buɗe mana wayarsa. Ashe tun da Inna ta yi magana yake kallon bidiyon masu yawo a ruwa. Ya nuna mana fararen jiragen masu kuɗin Legas a Ikoyi, da manyan jirage masu ɗakunan kwana da ke kai baƙi tsakanin Luksor da Aswan a kan kogin Nilu, da wasu tsofaffin ma'aurata a Amurka da suka sayar da gidansu suka koma cikin jirgi, suna kewaya gabashin ƙasarsu ta koguna da tafkuna da bakin teku, tafiyar mil kusan 6,000 wadda wasu kan shekara a kanta. Ya ce irin waɗannan jirage suna da tasharsu ta musamman, mai wuta da famfo da wurin wanka, wai sunanta marina. Yaya Babba ya ɗago kai ya ce, "Marina? To su ma rini suke yi?" Mu da muka taso muna jin labarin masaƙan Maska da marinarta, dariya ta kuɓuce mana gaba ɗaya. Ita ce dariya ta farko da muka yi tare tun rasuwar Baba. Da muka lura da haka, sai kowa ya yi shiru.

Neman jirgi ya ci mana safiya guda. Ba jiragen ne babu ba, bayanin ne ya gagara. "Ina kayanku?" Babu. "Wace kasuwa za ku?" Ba kasuwa za mu ba. "Biki ne?" A'a. "To me za ku yi?" Ruwan muke son gani. Wani Banufe mai sayar da mai, da ya ji mu Katsinawa ne, ya tafa hannu ya tara mana jama'a: "Ku zo ku ga bayina, sun sayar da masara sun zo kallon ruwa!" Muka rama da abin da ya sawwaƙa, aka yi ta dariya, shi ne kuma a ƙarshe ya kai mu wurin wani dattijo Bagunge mai jirgin albasa, wanda ke tsakanin lodi da lodi.

Dattijon ya saurare mu har ƙarshe bai yi dariya ba. Da muka ambaci mahaifinmu sai ya ce, "Allah Ya jiƙansa. Zan kai ku har kusa da dam." Ɗan Kaduna ya ce, "Mun gode, Baba." Kalmar ta fito masa da ƙyar. Wata huɗu ke nan babu wanda ya kira wani da ita a cikinmu.

Jirgin na katako ne, dogo, da rumfar tamfol a tsakiya da injin Yamaha a baya. Akwai gwangwala ta tura jirgi a inda ruwa bai da zurfi, da filafili biyu, da rabin jarka ta kwarfe ruwa, da kurfoti a kan faranti mai yashi. Jikansa, yaro ɗan shekara kamar goma sha biyar, shi ne yaron jirgi. Kafin mu taka, dattijon ya miƙa wa kowa rigar kariya ya ce a ɗaure. Sannan ya kafa mana doka: ba a miƙewa tsaye sai an faɗa masa, ba a taruwa a gefe ɗaya ko me aka gani, rana na yin ja za mu nemi gaɓa, don shi ba ya tafiyar dare. Ya nuna mana wani layin fenti a jikin jirgin ya ce, "Duk ranar da ruwa ya taɓa nan, ko uwata ce a gaɓa ba ta shiga."

Sa'a ta farko ba mu ga komai ba sai tsoronmu. Kowa ya damƙe katako, bakinmu na motsi da addu'a. A hankali ƙugin injin ya zama kamar ba a yi, idanu suka buɗe. Muka ga lambunan albasa kore shar a bakin tsibirai, da giginyu, da shanun Fulani tsundum cikin burugu, da masunta na wurga birgi yana buɗewa kamar laima. Muka wuce tsakanin Zamare da Rofiya, inda masu fito ke ƙetarar da mutane da ababen hawa. Daga nan gaɓar ta fara ja da baya.

Yaya Babba ne ya fara tambaya. Ya tsoma hannu ya ɗebo ruwan ya ce, "Baba, ashe wannan ne ruwan gonarmu?" Dattijon ya yi murmushi ya ce mun makara. Ya ce Kwara sau biyu take kawowa a shekara. Akwai farin ruwa, na damina, wanda ke gangarowa daga ƙasashenmu na kusa ɗauke da laka, yana zuwa wajen Agusta zuwa Oktoba. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ke isowa da sanyin hunturu, garai-garai. Shi wannan tun da damina ya sauka a duwatsun Gini, ya bazu a fadamun ƙasar Mali ya yi watanni yana tafiyar hawainiya, lakarsa ta kwanta a can, ya bi ta Gawo da Yamai sannan ya iso. "Yanzu a kan ruwan Gini kuke," in ji shi. "Naku ya zo tun tuni. In kuna neman abinku, ga shi can." Ya nuna lakar da ta kwanta a gaɓa, wadda aka dasa albasa a kanta. Auta ya ce ashe ƙasar da ruwa ke kwashe mana duk shekara ba ɓata take yi ba, wasu take ciyarwa. Yaya Babba ya ce to a biya mu kuɗin haya. Dattijon ya ce mu ɗebi albasa.

Daren farko ya nuna mana tamu irin marinar. A wata ƙaramar kwata muka tsaya, jirage kamar goma sha biyu a ɗaure, wasu a jikin turke, wasu a jikin juna, har sai ka taka jirgi uku kafin ka sa ƙafa a ƙasa. Babu mai tambayar izini, sallama kawai ake yi. Babu famfo, kogin ne famfo. Wutar kuwa ta wani yaro ce mai faranti biyu na sola da ke cajin waya. Akwai mai shayi, da makanike da ya baje kayan inji a kan buhu yana aiki da tocila a baki, da kafinta yana cusa tsumma a tsagar wani jirgi yana bi da kwalta. Mata na juya kifi a kan gangunan banda, tarwaɗa da kurungu da ƙarfasa, ga kuma warangi, 'yan mitsi-mitsin kifin tafkin, an shanya su a ƙasa kamar hatsi.

A wurin ana jin Hausa da Gunganci da Nufanci da Zabarmanci, amma ciniki da Hausa ake yi. Wanda mansa ya ƙare ya ara a jirgin maƙwabci, a biya a wata kwatar bayan mako guda, ba takarda ba shaida. Kowa ya san wanda ya wuce da safe, da wanda ya kamata ya iso bai iso ba. Mun ga yadda aka ƙi kwanciya saboda wani jirgi ɗaya, ana ta kiran waya tana ƙin shiga, sai da aka ji ƙugin injinsa daga cikin duhu. Da ya iso aka rufe matuƙin da faɗa, sannan aka zuba masa tuwo.

Muka yi alwala da buta daga gefen jirgi, muka yi sallar ƙasaru a kan yashi, muka ci shinkafa da wani yankin giwan ruwa da yaron ya dafa. Aka ɗaura gidan sauro a ƙarƙashin tamfol. Faɗin jirgin bai wuce mutum uku su kwanta kafaɗa da kafaɗa ba. Rabonmu da kwanciya haka tun a ɗakin soro, lokacin da Auta ke fitsarin kwance. Ɗan Kaduna ne ya tuna da wannan, a cikin duhu, kamar mai magana da kansa. Auta ya ce ƙarya ne. Ruwa na ta ɗan bugun katako a saitin kunnuwanmu har barci ya ɗauke mu.

A rana ta biyu muka shiga inda tafkin Kainji ya fi faɗi, wajen da tsibirin Foge yake. Ga hazo, ga ruwa, ba gaɓa ta gabas ba ta yamma. Tun 1968 da aka gama dam ɗin ruwa ya taru a nan, tsawon fiye da kilomita 130, aka tashi mutum fiye da 40,000 daga garuruwansu. Wannan mun karanta a makaranta, mun kuma rubuta a jarrabawa. Abin da ba mu shirya masa ba shi ne lokacin da dattijon ya rage wuta, ya dubi wani abu da mu ba mu gani ba, ya kashe injin. Ya ɗauki gwangwala ya nuna ƙasa.

"Gonar ubana tana nan ƙarƙashinmu," in ji shi. "Can gaba kaɗan gidanmu, da kabarin kakana. Ina da shekara kamar goma aka kwashe mu aka kai mu gidajen siminti a tudu." Ya ce ubansa da ƙanen uban sun yi shekaru ba sa ga-maciji a kan iyakar wannan gonar, saboda wata tsamiya da kowa ke cewa a nasa take. Ruwa ya zo ya shanye gonar da iyakar da tsamiyar. "Da suka shirya?" Auta ya tambaya. Dattijon ya ce, "Ina fa. A sabon garin ma gidajensu na kallon juna, ba su gaisa ba har ɗaya ya mutu." Ya ja igiyar injin muka ci gaba. Bai san komai game da fadamarmu ba, don ba mu gaya masa ba. Babu wanda ya kalli wani a cikinmu.

Rana ta uku iskar hunturu ta taso tun hantsi. Raƙuman ruwa suka riƙa dukan hancin jirgin suna watso mana. Muna cikin haka injin ya yi wata irin ƙara ya mutu. Tsohon taru ne da wani ya bari a ruwa ya naɗe farfela, wani ɗan ƙarfe a ciki ya karye. Dattijon da jikansa suka ɗago injin suka duƙufa a kansa da wuƙa da filaya. Jirgin ya juya gefe, ruwa ya fara shigowa ta sama. Aka miƙa wa Yaya Babba rabin jarka, Ɗan Kaduna ya ɗauki tukunyar shinkafa, Auta aka ba shi filafili aka ce ya riƙe hancin jirgin yana fuskantar iska. Mun yi kwarfa har hannuwa suka mutu. Da iskar ta lafa, gyaran bai ƙare ba. Muka zauna jiƙe sharkaf, ba sabis a waya, ba gaɓa a ido, kusan sa'a uku.

A nan maganar ta fito. Ba da lalama ta fara ba. Yaya Babba ya ce da mun nutse da mai kuɗin Funtuwa ya huta da ciniki. Ɗan Kaduna ya harzuƙa, ya yunƙura zai miƙe kamar yadda ya saba, jirgin ya karkata, dattijon ya daka tsawa ba tare da ya waiwayo ba: "Zauna!" Ya zauna. Babu mashin da zai taka. Ya yi huci ya gama, sannan ya faɗi abin da ya ɓoye mana wata shida: shagonsa ya karye, ana bin sa bashin da ya fi ƙarfinsa, masu kuɗin har gida suke zuwa, yaransa biyu sun yi zango guda ba makaranta. Ya ce, "Yaya, ba don raina Baba nake son a sayar ba. Kunya ce ta hana ni faɗa."

Yaya Babba ya daɗe yana kallon tukunyar da ke hannun ƙanensa. Sannan ya ce shi bai yi boko mai nisa ba, bai koyi wata sana'a ba, don shi aka ajiye a gona lokacin da aka tura saura makaranta. Shekara ashirin da biyar shi ne hannun Baba. In damina ta wuce, fadamar nan ce kaɗai ke sa ya tashi da safe ya san inda za shi. "In aka sayar, me zan zama? Mai zaman gindin bishiya?" Auta kuwa ya ce shi abin da ya fi ci masa rai, zama biyar aka yi babu wanda ya tambaye shi yadda lissafin tumatirin yake, alhali yana da shi a rubuce. Ya ce har yanzu kallon mai fitsarin kwance ake yi masa.

Ba mu rungumi juna ba, ba mu yi kuka ba, ba a kuma yanke komai a ranar ba. Abin da ya faru kawai shi ne kowa ya ji maganar ɗan'uwansa har ƙarshenta, don babu ƙofar fita. Da injin ya tashi, dattijon ya ce, "'Yan tudu, kun iya kwarfa." Ko ya ji abin da muka faɗa, bai nuna ba.

A Wara muka kwana. Kafin mu shiga kwata dattijon ya ɗaga hannu ya yi fatiha, muka bi shi. A watan Mayun 2021 wani jirgi da aka yi wa lodi fiye da kima ya nutse a wannan yankin, aka rasa rayuka masu ɗimbin yawa, har da mata da yara. A nan muka gane layin fentin da ya nuna mana. Wata mai sayar da ƙosai ta ji labarinmu, ta dube mu da rigunan kariyarmu, mu uku a jirgin da kan ɗauki mutum hamsin, ta ce, "Ku sha'awa ta kawo ku. Mu dole ce." Ba da zafi ta faɗa ba, har gyara ta yi mana. Amma maganar ta zauna mana. Hanyar da muka hau don kallo ita ce hanyar asibitinsu da kasuwarsu, kuma mafi yawansu ba su da zaɓin jirgin da za su shiga. Washegari muka ce wa dattijon in akwai masu zuwa inda za mu, a ɗauke su. Muka tashi da mata huɗu da buhun gari da wani almajiri.

Rana ta huɗu muka gangara wajen Malale, daga can muka ƙara gaba har muka hango bangon dam. A hanya dattijon ya nuna mana yamma ya ce tsohuwar Bussa na ƙarƙashin ruwa ta can. Nan ne duwatsu suka ci jirgin Mungo Park a 1806, bayan ya biyo kogin tun daga ƙasar Mali ta yanzu. Daga nan ne kuma a 1830 wasu Turawa biyu, wa da ƙane, Richard da John Lander, suka gangara a kwale-kwale har suka ga inda kogin ya faɗa teku. Su ma abin da ya dami Baba ne ya dame su, ina ruwan nan yake zuwa, sai dai su gwamnatinsu na da wata manufa a bayan tambayar. Mutanen bakin kogin kuwa sun daɗe da sanin hanyarsu. Mu a bangon dam tamu tafiyar ta tsaya. Ruwan ya ci gaba abinsa, ta Jebba da Lakwaja har teku, ya cika tafiyarsa ta kilomita fiye da 4,000. Muka yi wa Baba addu'a a nan, injin a kashe.

Dawowa dattijon ya samu lodin busasshen kifi, muka zama fasinjoji kamar kowa, a takure tsakanin kwanduna. Auta ya fito da littafinsa, Ɗan Kaduna da ya san lissafin kasuwa ya gyara masa wurare biyu, Yaya Babba ya ce farashin takin da suka sa na mafarki ne. Kafin Yelwa an cika shafi huɗu.

Inna na zaune a inda muka bar ta. Ta ƙirga mu da ido, ɗaya, biyu, uku. Ta ce, "Ya kai yadda yake faɗa?" Muka ce ya fi. Ta juya fuska ta ce a kawo mana ruwa.

Ba a sayar da fadamar ba. An kira dattawa sun yi mata kuɗi, Yaya Babba da Auta suka ɗauki nauyin biyan Ɗan Kaduna rabonsa a kaka uku, muka kuma haɗu muka je wurin masu binsa bashi aka nemi sassauci. 'Yan'uwanmu mata, waɗanda sai a lokacin muka tuna ba mu taɓa tambayar ra'ayinsu ba, suka ce su ba sa sayarwa, a riƙa ba su nasu daga abin da aka noma. Biyan farko ya yi jinkirin wata biyu, an kuma ɗaga murya a kansa. Tumatirin shekarar farko tsutsa ta ci rabinsa. Amma yanzu idan zama ya yi zafi wani ya yunƙura, sai a ce masa "Zauna!" da muryar dattijon, kuma yawanci yakan zauna.

Har yau akwai masu yi mana dariya a majalisa, wai 'ya'yan Malam sun cinye raguna biyu da maraƙi a kallon ruwa. Ba mu musa ba, haka aka yi. Abin da ke damunmu shi ne Baba. Mun lissafa abin da tafiyar ta ci, ba ta kai abin da yake kashewa a biki ɗaya ba. Ba rashin kuɗi ne ya hana shi ba. Bai taɓa yarda cewa abin da ransa ke so, shi kaɗai, ya isa dalilin ɗaure jaka ba, mu ma ba mu taɓa ce masa tashi mu raka ka ba.

A watan Agustan da ya wuce ƙoramar ta kawo, ja-ja da laka. Inna ta sa aka raka ta har gaɓa, ta tsaya a daidai inda yake tsayawa. Ta ce ita ma fa ba ta taɓa shiga jirgi ba. Ɗan Kaduna ya buɗe baki ya ce, "In Allah Ya kai mu kaka," sai ya tsaya. A daren muka kira dattijon a waya muka tsayar da mako na biyu na Janairu. Da aka yi girbi muka ware buhu shida, Auta ya rubuta "Kwara" a jikin kowanne da shuni, suna nan a ɗakin Inna, makullin na hannunta.